Inda Mata Likitoci Ke Zubewa a Hanyar Zama Farfesa

A shekarar 2017 aka fara samun mata sun fi maza yawa cikin sababbin ɗaliban da makarantun koyon aikin likita na Amurka suka ɗauka, zuwa 2019 kuma sun haura rabin ɗaliban baki ɗaya. Sai dai in aka duba saman bene, lissafin juyewa yake yi. Wani bincike da mujallar JAMA ta buga a 2015 ya bi sawun likitoci fiye da 90,000 masu koyarwa a jami'o'in ƙasar, ya tarar kusan kashi 29 cikin 100 na mazan sun zama cikakkun farfesoshi, matan kuwa kashi 12 kacal. Ko da masu binciken suka daidaita shekaru da fannin ƙwarewa da yawan rubuce-rubuce, giɓin raguwa ya yi, bai rufe ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta faɗa a 2019 cewa mata su ne kusan kashi 70 na ma'aikatan lafiya a duniya, amma kashi 25 na manyan kujerun shugabanci suke riƙe da su.

A wajenmu ba sai an kawo alƙaluma ba. Duk wanda ya leƙa ajin ɗaliban likita a Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri yau zai ga 'yan mata da yawan da ba a taɓa gani ba shekaru talatin baya. Gwamnatocin jihohin Arewa da dama sun ma ɗauki nauyin 'yan mata zuwa Sudan da Masar don karatun likita, saboda ƙishin mace likita da ake yi a asibitocinmu. To, ya bar ajin ya shiga zauren da farfesoshin tsangayar suke taro, ya ƙirga matan da ke ciki.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce a yi haƙuri, yanzu suka shigo, lokaci zai kai su sama. Ni ban yarda da wannan amsa ba, domin an gwada ta a wani wuri ta gaza. Tun farkon shekarun 1990 mata suka kai kusan kashi 40 na ɗaliban likita a Amurka. Da jira kaɗai yana gyarawa, da tuni ya gyara. Abin da ke faruwa shi ne an tsara tsanin ƙarin girma a jami'a da asibitin koyarwa bisa rayuwar mutumin da wani ke riƙe masa gida, sannan ake auna kowa da shi.

A bi hanyar daki-daki. Yarinya ta shiga jami'a tana da shekara 18. Karatun likita shekara shida ne a takarda, amma yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, don haka da yawa sai sun kai 25 ko 26 suke fita. Sai shekara guda ta horon farko a asibiti, sai shekarar bautar ƙasa. Daga nan sai jarabawar share fage, sai jiran gurbi a asibitin da aka amince ya horar da likitoci masu neman ƙwarewa, kuma irin waɗannan asibitoci a manyan birane suke. Horon kansa yakan ci shekara biyar zuwa shida ga wadda komai ya tafi mata daidai, da manyan jarabawa biyu na Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa ko na kwalejojin Afirka ta Yamma, da kundin bincike a ƙarshe. Kafin ta zama ƙwararriya jami'a ta ɗauke ta koyarwa, ta doshi 35. Daga nan kowane mataki, babbar malama, mataimakiyar farfesa, farfesa, sai an yi aƙalla shekara uku a kansa, an kuma tara adadin maƙalun da jami'ar ta gindaya. Ga kuma taƙaddamar da aka daɗe ana yi tsakanin hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, da ƙungiyar manyan likitoci ta MDCAN kan ko shaidar ƙwarewa ta wadatar ko sai an haɗa da digirin digirgir. In ya zama sai an haɗa, an ƙara wasu shekaru uku ko huɗu ke nan.

Shekarun da ake aza harsashin wannan gini, daga 26 zuwa 40, su ne dai shekarun ciki da goyo. Ba yadda za a yi a ɗage ɗaya a jira ɗayan ya wuce.

A ɗauki likitar da ke matakin ƙarshe na horonta a sashen yara. Ta kwana asibiti tana kan kira, an kawo jarirai biyu da shawara da wani yaro mai sikila da jininsa ya yi ƙasa. Da asuba ta yi salla a ɗakin likitoci, ta tatsi nono a kwalba ta ba direban gida ko ɗan'uwanta ya kai wa jaririnta. Ƙarfe takwas a yi taron safe, ta ba da bayanin marasa lafiyar dare, sai zagayen gadaje, sai ɗakin ganin marasa lafiya har bayan la'asar. Abokin aikinta namiji ma duk ya sha wannan wahala, ba a rage masa komai ba. Bambancin yana farawa ne bayan magariba. Shi ya ci abinci ya buɗe kwamfuta ya zauna kan bayanan bincikensa har sha ɗaya. Ita kuwa ga aikin makarantar yara, ga girki in ranar girkinta ce, ga surukar da ta zo daga ƙauye ganin likita, ga dubiya da barka da ta'aziyyar dangin miji waɗanda in ba ta je ba za a ce boko ya sa ta raina mutane. Awa biyu ko uku a kowane dare, in aka tara su shekara biyar, su ne maƙaloli shida ko takwas ɗin da za a ce ya fi ta da su ranar da kwamitin ƙarin girma ya zauna. Kwamitin zai ce mudu ɗaya ya auna wa kowa, kuma gaskiya ya faɗa. Gonar ce ba iri ɗaya aka ba su ba.

Akwai kuma aikin da ba a ƙirgawa. A kowane sashe sai an samu mai kula da ɗalibai, mai haɗa sakamakon jarabawa, mai rubuta bayanin taro, mai zama da ɗalibar da ta faɗi jarabawa tana kuka. Irin wannan aiki ya fi faɗawa kan mata, sau da yawa ma da yabo ake miƙa musu shi: ke ce mai haƙuri, ke ce uwar ɗalibai. Aiki ne mai daraja, in babu shi tsangaya ba za ta tafi ba, amma makin da yake da shi a takardar ƙarin girma bai kai na maƙala guda a mujalla mai suna ba.

Abin da ya fi wuyar faɗa a fili shi ne batun uban gida. Babu wanda ke zama mai bincike shi kaɗai. Sai wani babba ya saka sunanka a takardar neman tallafi, ya tura ka taro a madadinsa, ya gabatar da kai ga abokan aikinsa na Landan ko Nairobi, ya ambace ka a ɗakin da ba ka ciki. Wannan ya wuce ba da shawara, jingina sunansa yake yi da naka. Irin wannan alaƙa kuwa a zaman bayan aiki take ƙulluwa, a mota ɗaya zuwa Abuja, a hira bayan sallar isha'i a gidan malam. Matashiyar likita, musamman matar aure, ba ta da hanyar shiga wannan zama ba tare da an yi da ita ba. Babban malamin kirki ma yakan ja baya don kare mutuncinsa da nata, sai ya ɗauki namiji ya ja a jiki, ba don ya fi ta ba. Ga kuma waɗanda ba na kirki ba, masu mai da sa hannu a kundi ko rubuta takardar shaida abin ciniki, kuma wadda ta kai ƙara ta san ita za a fara tuhuma. Ban ga amfanin a ce wa al'umma ta zubar da kunyarta ba. Abin yi shi ne a fito da wannan jagoranci daga zaure a mai da shi aikin ofis: a rubuta wa ke jagorantar wa, a yi zaman cikin lokacin aiki, ƙungiya-ƙungiya, a kuma tambayi kowane farfesa a ƙarshen shekara su wa ya saka a ayyukansa.

Wani zai ce duk wannan uzuri ne, wanda ya iya ya iya. An gwada wannan magana. A 2012 masu bincike a Jami'ar Yale suka aika wa malaman kimiyya 127 takardar neman aikin kula da ɗakin gwaje-gwaje. Takarda ɗaya ce kalma da kalma, sai dai wasu an rubuta musu sunan John, wasu Jennifer. Malaman suka ga John ya fi cancanta, suka yanka masa albashin da ya haura dala 30,000, ita kuma kusan 26,500. Malamai mata ma haka suka yi, ba su bambanta da maza ba. A Kanada kuma, hukumar da ke ba da tallafin binciken lafiya ta raba shirinta biyu a 2014: ɗaya ana duba ingancin aikin da aka gabatar, ɗayan ana duba mai neman da tarihinsa. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna inda aka duba aikin, maza da mata sun yi kusan kunnen doki, inda aka duba mutum kuwa mata suka koma baya. Wannan sakamako ya fi kowane muhimmanci a ganina, domin ya nuna daidai gurbin da matsalar take, kuma gurbi ne da ake iya gyarawa da canjin fom.

Labarin Nancy Hopkins, masaniyar ƙwayoyin gado a jami'ar MIT ta Amurka, ya nuna yadda ake fara gyaran. A 1993 ta nemi ƙarin fili kaɗan don kifayen da take bincike a kansu aka yi ta ja mata rai. Sai ta ɗauki tef ɗin awo ta bi ɗakunan gwaje-gwaje ɗaya bayan ɗaya tana aunawa, ta gano har ƙananan malamai maza sun fi ta fili. A lokacin, tsangayar kimiyya ta jami'ar tana da manyan malamai mata 15, maza 194. Matan suka haɗa kai, aka kafa kwamiti, aka auna albashi da fili da kuɗin bincike da kujerun kwamitoci. Da rahoton ya fito a 1999, shugaban jami'ar, Charles Vest, ya amsa a fili cewa bambancin gaskiya ne. Kafin awon, kowace ɗayansu tana zaton ita kaɗai abin ya shafa, ko laifinta ne.

Birtaniya ta bi ta hanyar kuɗi. An kafa tsarin Athena SWAN a 2005, inda sashen jami'a ke tattara alƙalumansa na maza da mata, ya tsara yadda zai gyara, a ba shi lambar tagulla ko azurfa ko zinariya. Shekaru aka yi makarantun likita ba su damu da shi sosai ba, sai a 2011 da babbar likitar gwamnati ta Ingila, Sally Davies, ta sanar cewa wanda bai kai matakin azurfa ba kada ya sa rai da manyan kuɗaɗen bincike na NIHR, hukumar gwamnati mai tallafa wa binciken lafiya. Nan da nan shugabannin tsangayoyi suka farka. Amma tsarin ya zo da nasa ciwon: tulin aikin cike takardun neman lambar ya faɗa kan matan da aka ce za a taimaka, suka bar bincikensu suna haɗa rahoto. A 2020 aka cire sharaɗin.

Wani gyaran ma baya ya haifar. Jami'o'in Amurka da dama sun ce duk wanda aka haifa wa ɗa, mace ko namiji, a ƙara masa shekara guda kafin a yanke hukuncin tabbatar da shi a aiki. Adalci ne a ido. Da aka bincika manyan sassan nazarin tattalin arziki, sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna mazan ne suka ci riba, domin da yawansu sun yi amfani da shekarar wajen ƙara rubutu, matan kuwa jego suka yi da ita, sai ma'aunin ya ƙara tsawo a kan kowa. Wannan darasi ne gare mu yanzu da gwamnatin tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga mazan da aka yi wa haihuwa, jihohi irin su Legas da Kaduna kuma suka kai hutun mai jego wata shida. Hutu alheri ne, amma in ba a gyara yadda ake ƙirga shekaru da maƙaloli ba, wadda ta tafi hutun za ta dawo ta tarar an wuce ta, kuma babu wanda zai ce ya yi mata laifi.

Misalin da ya fi kusa da mu yana nan Afirka. Shirin CARTA, wanda cibiyar binciken lafiya da yawan jama'a ta APHRC da ke Nairobi da Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu ke jagoranta, kuma jami'o'in Ibadan da Ife suna ciki, yana horar da malaman jami'a masu digirin digirgir a fannin lafiyar al'umma. Sun sa iyakar shekarun shiga 40 ga maza, 45 ga mata. Mai shayarwa in za ta zo zaman horo na makonni, ana biya mata kuɗin tahowa da jaririnta da mai reno. Majalisar Binciken Turai ma tana ƙara wa uwa wata 18 kan kowane ɗa a wa'adin neman tallafinta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya rage ingancin aikin da ake nema. Agogon kawai aka gyara.

Me ya sa za mu damu, mu da ke fama da ƙarancin likita kowane iri, ga kuma waɗanda muka horar suna ta ficewa Saudiyya da Birtaniya? Saboda wanda ke zaune a kujerar bincike shi ke zaɓen tambayar da za a nemi amsarta. A Amurka an daɗe ana gwajin magunguna a kan maza zalla ana ɗora sakamakon a kan mata. Bernadine Healy ta zama mace ta farko da ta shugabanci NIH, hukumar binciken lafiya ta ƙasar, a 1991, ta ƙaddamar da gagarumin binciken lafiyar mata, a 1993 kuma aka yi dokar da ta wajabta saka mata a gwaje-gwajen da hukumar ke biya. Mu kuwa, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa a dalilin ciki da haihuwa a duniya 'yan Nijeriya ne, kuma Arewa ce ta fi ɗaukar nauyin.

Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe su. Abin da aka saba a ɗakin haihuwa shi ne ungozoma ta dubi zanen gado da ƙasa ta ƙiyasta jinin da ido, ido kuwa yana raina jini. A gwajin E-MOTIVE, wanda Jami'ar Birmingham ta jagoranta tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, aka shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da zanen awo a ƙarƙashinta. Da jini ya kai layin da aka sa, ba jira, ba bin magani ɗaya a ga ko zai yi: a murza mahaifa, a ba da allurar da ke sa ta tsuke, a ba da maganin tsayar da jini, a ɗaura ruwa, a duba ko akwai yagewa, duk a lokaci guda. An yi gwajin a asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata fiye da 200,000. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kashi 60 cikin 100. Wadda ta jagoranci ɓangaren Nijeriya ita ce Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Irin wannan aiki yana buƙatar wadda ta san ɗakin haihuwarmu ciki da bai, wadda ungozomomi za su gaya wa gaskiyar abin da ke faruwa da ƙarfe uku na dare, wadda kuma ta kai matsayin da za ta zauna teburi ɗaya da masu ba da kuɗi. Duk likitar da ta ajiye kundinta a shekara 34 saboda ba ta samu mai riƙe mata yaro ba, irin wannan muka rasa.

Kada kuma a ɗauka wurin mata sashen haihuwa da na yara ne kawai, domin wannan ma wani shinge ne. Farfesa Folasade Ogunsola masaniyar ƙwayoyin cuta ce, ta shugabanci kwalejin likitanci ta Jami'ar Legas, a 2022 ta zama mace ta farko da ta shugabanci jami'ar. Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja a kan sikila ta yi suna. Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatu a Ibadan, tana Jami'ar Chicago tana binciken ƙwayoyin gadon sankarar mama. Ɗalibar da ke son tiyatar ƙwaƙwalwa ko ta ƙashi bai kamata a tarbe ta da tambayar wa zai aure ta ba.

Yawancin abin da ya kamata a yi ba ya jiran Abuja. Shugaban kwalejin likitanci yana iya sa a fito masa da lissafin shekara goma: mata nawa da maza nawa suka shiga horon ƙwarewa, nawa suka gama, shekara nawa kowa ya yi a kowane mataki, wa aka tura taro da kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, wa aka ba aikin jami'in jarabawa. Yana iya mai da tarukan sashe cikin lokacin aiki. Shugaban asibitin koyarwa yana iya ware ɗaki biyu kusa da sashen yara ya zama gidan reno mai aiki dare da rana, tunda kiran asibiti bai san dare ba, kuma ma'aikatan jinya za su fi kowa cin moriyarsa. Majalisar jami'a tana iya cewa a kawo maƙaloli biyar mafi inganci a karanta su, maimakon a ƙirga talatin, wanda hakan zai rage kasuwar mujallun bogi da ke karɓar kuɗi su buga komai. TETFund da sauran masu ba da tallafi suna iya ƙara wa uwa wa'adi kan kowace haihuwa, su kuma yarda a saka kuɗin mai reno a kasafin tafiya taro, su fara duba aikin kafin su duba sunan mai shi.

Akwai ɓangaren da ba ofishin da zai iya sa hannu a kansa. Mijin da ya auri ɗalibar likita yana alfahari, ya kamata tun ranar neman aure waliyyinta ya gaya masa cewa karatun ba ya ƙarewa ranar rantsuwa, akwai wasu shekaru goma na kwanan asibiti da jarabawa da tafiye-tafiye a gaba. Da yawa daga cikin matan da suka kai ƙarshen hanyar nan za su gaya maka akwai wata uwa ko ƙanwa ko goggo da ta tare a gidansu shekara da shekaru, da mijin da ya yarda ya ƙi canjin wurin aiki har ta gama. Wadda ba ta da irin wannan gata, a yanzu jami'a da asibiti ba su tanadar mata komai a madadinsa ba, kuma 'yar talaka daga ƙauye, wadda jiharta ta kashe miliyoyi ta karantar, ita ce ta fi rasa shi.